Me ke sa majalisa ta ɗauki hanyar tsige shugaban ƙasa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Duk lokacin da al'amura suka rincaɓe sai mu ji 'yan majalisa na barazanar tsige shugaban ƙasa, amma har yau ba mu ga wanda aka tsige a Najeriya ba. Me suke dubawa kafin su shiga wannan hanya, kuma wa ke cewa lokaci ya yi? Daga mai karatu a Funtua.

Amsa: Malam, barka kadai. Abu biyu ne ke aiki a nan: abin da doka ta shimfiɗa, da lissafin da 'yan majalisa ke yi kafin su taka shimfiɗar. Bari mu fara da dokar.

Sashe na 143 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ne ya tsara komai. Ana farawa da takardar zargi a rubuce, mai ɗauke da bayanin laifin dalla-dalla, da sa hannun aƙalla kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar tarayya. Sanatoci 109 ne, wakilai 360, jimilla 469, don haka ana neman hannu 157. Takardar na zuwa ga shugaban Majalisar Dattawa, shi kuma cikin kwana 7 zai aika wa shugaban ƙasa da kowane ɗan majalisa kwafi. Cikin kwana 14 kowace majalisa za ta kaɗa ƙuri'a kan ko a binciki zargin ko a bar shi, kuma dokar ta ce babu muhawara. Nan ne ginin ya fi tsayi, domin sai an samu kashi biyu bisa uku na dukan mambobi, ba na waɗanda suka zo zama ranar kaɗai ba: sanata 73, wakilai 240. Wanda ya ƙi zuwa, tamkar ya ce a'a ne.

In an haye wannan, Alƙalin Alƙalan Najeriya zai naɗa mutum 7 masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan wata jam'iyya ba. Suna da wata 3 su bincika, shugaban kuma yana da damar kare kansa ko ya turo lauya. Suka ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu. Suka ce ya tabbata, sai a sake neman kashi biyu bisa uku a kowace majalisa.

To wane laifi ne ya kai a tsige mutum? Dokar ta ce babban laifi shi ne mummunan keta kundin tsarin mulki, ko kuma duk wani hali da majalisa ta ga ya kai babban laifi. Ka lura da wannan rabin na biyu, Malam. Awon yana hannun majalisa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa tsigewa shari'a ce da 'yan siyasa ke yanke wa.

Saboda haka shawarar gaskiya ba a zauren majalisa ake yanke ta ba. Ana yanke ta ne a taron 'yan jam'iyya, da gidajen shugabannin majalisa, da wayar da gwamnoni ke bugo wa 'yan jiharsu da dare. Ɗan majalisar da aka miƙo wa takardar sa hannu, kafin ya ɗauki biro sai ya bi sunayen da ke sama da yatsa. Yana neman ya ga ko akwai 'yan jam'iyya mai mulki a ciki. Yana tunanin tikitinsa na zaɓe mai zuwa, da abin da mutanen mazaɓarsa za su ce ranar kasuwa, da wanda zai hau kujerar in an sauke mai ita, domin mataimaki ne zai gada, kuma a ƙasa irin tamu wannan na iya sauya yankin da mulki yake. Ba ƙaramin lissafi ba ne.

Dubi 2002. A watan Agusta Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta ba Shugaba Obasanjo wa'adin mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Abin da ya ba barazanar nauyi shi ne daga cikin gida ta fito, domin kakakin da yawancin wakilan 'yan PDP ne kamar shugaban. Sai da dattawa irin su Yakubu Gowon da Shehu Shagari suka shiga tsakani kafin ƙurar ta lafa. Kwatanta da Yulin 2022, lokacin da sanatocin adawa suka fice daga zaure suka ba Shugaba Buhari mako 6 kan matsalar tsaro. Damuwarsu gaskiya ce, jama'a na cikin baƙin ciki, amma APC ke da rinjaye kuma shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, bai bari an tattauna batun a zaman ba. Wa'adi ya cika, ba a kai ga ƙuri'a ba.

Ko a Amurka haka abin yake. Can rinjaye kawai ake buƙata a Majalisar Wakilai don a tuhumi shugaba, shi ya sa aka tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, da Donald Trump a 2019 da 2021. Amma babu ko ɗaya da Majalisar Dattawa ta samu da laifi, domin can ma sai da kashi biyu bisa uku. A 2021 sanata 57 suka ce Trump ya yi laifi, ana neman 67. Richard Nixon kuwa ya yi murabus a Agustan 1974 bayan manyan 'yan jam'iyyarsa sun same shi sun shaida masa cewa ƙuri'un da za su cece shi sun ƙare.

Ni ina ganin tsayin wannan gini alheri ne, duk da takaicin da yake jawowa. Mun ga abin da ke faruwa idan rinjaye kaɗai ya zama hujja. A Yunin 1981 majalisar tsohuwar jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ta mamaye, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa. Har yau mutane da yawa na kallon abin a matsayin rikicin jam'iyya da aka sa wa rigar doka. A ƙarshen 2005 kuma 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka taru a otal a Ibadan suka fara ɗaukar matakin tsige Gwamna Rashidi Ladoja, aka tsige shi a Janairun 2006. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan, ya koma kujerarsa. Hukuncin ya nuna cewa ko da yake doka ta hana kotu shiga batun tsigewa, wannan kariya tana aiki ne kawai idan an bi matakan yadda aka rubuta su.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake arha da kalmar. Duk barazanar da aka yi ba a rubuta zargi ba, tana rage wa ta gaba kwarjini, kuma ranar da za a buƙace ta da gaske jama'a ba za su ɗaga kai ba. In ka sake jin wa'adi, Malam, ka nemi sanin ko an miƙa wa shugaban Majalisar Dattawa takarda, hannu nawa ke kanta, kuma nawa ne daga cikinsu na jam'iyyar shugaban ƙasa.