Kawu, In Sayi Satifiket A Oluwole Ko In Koma Makaranta?

Assalamu alaikum jama'ar Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba har zuwa Alaba Rago. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka zo, boko da neman aiki, shi yasa na ajiye masu tambayar janareto da firiji sai wani makon in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Kawu ni fa banga amfanin boko ba, ga masu digiri nan suna jan keke a Agege, ga Ɗangote yafi kowa kuɗi. Ina aji biyar a sakandare, so nake in bari in shiga kasuwa. Ya ka gani?

AMSA: Ban ga komai ba sai gaggawa. Shi Ɗangoten da kake kafa hujja da shi ai jami'a yayi, Al-Azhar ta Alƙahira, kuma ka je bakin matatar mansa a Ibeju-Lekki kace aiki kake nema kaji abin da za'a fara tambayarka. Mai digirin nan da kake gani a keke duk ranar da aka buɗe ɗaukar aiki yana da abin nunawa, kai me zaka nuna? Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage maka. Kasuwa tana nan ba inda zata je, ka dinga zuwa Asabar da lokacin hutu, amma ka zana WAEC ɗinka tukuna. Kar ka sake turo min irin wannan.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Shekarata 27, ina gadi a wani gida a Ikeja shekara huɗu kenan. Wani kamfani zai ɗauki mai kula da sito amma sai mai takardar sakandare, ni kuma a aji uku na tsaya. Wani abokina yace ya san mutum a Oluwole, inda ake buga takardun jabun nan, zai haɗa min satifiket mai kiredit biyar a naira dubu 60, ba mai ganewa. Wani kuma yace in na ƙara kuɗi har digirin Kwatano ana samu. Na tara dubu 180. In saya?

AMSA: Ƙanena kar ka saya. Wallahi kar ka saya. Kuma ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe don wannan maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, kai ne mutum na shida da ya tambaye ni ita cikin 'yan watannin nan.

Na farko dai wannan kalmar ta "ba mai ganewa" maganar da ce. Can baya sai an rubuta wasiƙa zuwa ofishin WAEC a Yaba an jira wata da watanni kafin a tantance takarda, shi yasa da yawa suka sha. Yanzu ko yarinyar da ke zaune a ofishin ɗaukar ma'aikata da wayarta zata sayi kati ta shigar da lambar jarrabawarka da shekarar, minti biyu bai cika ba sakamakon ya fito. Abin da ɗan Oluwole yake sayar maka takarda ce da tambari, ba shi da ikon saka sunanka a kwamfutar hukumar.

Da idona na ga yadda abin yake ƙarewa. Akwai yaron wani maƙwabcinmu, yaro mai hankali mai sallah, aka zuga shi ya sayi irin wannan takardar ya samu aikin sito a wani kamfani wajen Apapa. Wata bakwai yana aiki ba wanda ya taɓa kuka da shi, har ya kama ɗaki ya kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinya. Ranar da zasu tabbatar da shi a aiki suka kira shi ofis, yana zaune aka shigar da lambar a gabansa, sai ga sunan wata mata ya fito daga wata jihar daban. Da yamma ya zo wajena da rigar kamfanin a cikin leda baƙa, ya zauna kan benci ya kasa ko shan ruwan da aka kawo masa, abin da yake ta maimaitawa kawai "Kawu aikin fa na iya shi". Kuma gaskiya ya faɗa, ya iya. Amma sun kore shi ba ko sisin sallama, sai da dattawa suka je suka yi ta roƙo kafin aka fasa kiran 'yan sanda, don buga takardar jabu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, mai bugawa da mai amfani da ita duka.

In kana ganin talaka ne kawai ake kamawa to ka tuna Salisu Buhari, kakakin majalisar wakilai guda a 1999, takardar jami'ar Toronto ta bogi ce ta sauke shi daga kujera yana hawaye a gaban duniya. Kemi Adeosun ministar kuɗi ce sukutum, a 2018 ta ajiye aiki kan takardar yafe bautar ƙasa da aka gano ta jabu ce. Waɗannan masu lauyoyi ne da manya a bayansu, kai da kake gadi wa zai tsaya maka?

Shi kuma digirin Kwatano, ai kowa yaji labarin. Ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a can cikin sati shida bai taɓa shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman yace sama da mutum dubu 22 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Abin takaicin ma har yaran da suka je suka zauna suka yi karatun gaskiya a can yanzu kallon tuhuma ake musu. Duk wanda yazo maka da wannan tallar a yau kayan da suka riga suka lalace yake so ya sauke maka.

Sannan ga ɓangaren da mutane basa son a taɓo. Albashin da zaka dinga karɓa da takardar ƙarya, da shi zaka ciyar da iyali, da shi zaka aika wa mahaifiya a gida. Annabi (SAW) yace wanda ya ha'ince mu baya tare da mu. Ka ɗauki gurbin wani da ya kwana yana karatu da fitila, kuma kullum aka ce manaja na kiranka sai gabanka ya faɗi. Wannan ba rayuwa bace.

Abin da nake so kayi da dubu 180 ɗinka ga shi. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, ba ruwansu da shekarunka ba ruwansu da ajin da ka tsaya. Aikin gadi duk wahalarsa yana da abu ɗaya, akwai lokacin zama. Ka nemi lesin na yamma ko na ƙarshen mako kusa da kai, ka biya wata-wata kar ka biya na shekara gaba ɗaya, ka sayi littattafan tambayoyin baya, ka ba Turanci da lissafi ƙarfi don su ne suke kada mutane. In ba'a samu biyar ɗin a zama ɗaya ba wurare da yawa suna karɓar zama biyu a haɗe. Rajista kuma ka tsaya a yi a gabanka ka karɓi takardar shaida mai hotonka, kuma ka guji santocin nan da ake cewa ka biya a rubuta maka, su ma Oluwole ne da wani suna, hukumar tana riƙe sakamakon santa guda in ta gano. Wannan aikin siton zai wuce ka, na sani kuma da ciwo. Wani zai zo.

TAMBAYA: Kawu wani yace zai sama min aiki a kwastan in na bada dubu 700, rabi yanzu rabi in takarda ta fito.

AMSA: Takardar zata fito kam, shi zai buga maka ita. Kwastan da immigration da soja duk ta shafinsu na intanet suke ɗauka kuma fom ɗin kyauta ne. Riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni bazawara ce ina sayar da abinci a Idi-Araba, mijina ya rasu ya bar min yara huɗu. Babbar ta gama sakandare da sakamako mai kyau tana son aikin jinya, 'yan uwan babanta sunce asarar kuɗi ne a aurar da ita kawai. Bacci baya ɗaukata saboda tunani. Ni ban yi boko ba bansan ta ina zan fara ba.

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, Allah ya jiƙan maigida ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, macen da ta kai yarinya har ƙarshen sakandare da kuɗin tukunya ta riga ta yi mafi wuyar.

Nan ne wurin da karatu ya zama dole ba zaɓi ba. Ɗinki ko girki ko kitso ana koyonsu a hannu, amma jinya ba mai barin ta ta taɓa majinyaci a asibitin kirki sai da lasisin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Kuma ke kanki kina ganin matanmu a bakin asibitin LUTH nan kusa da ke, yadda suke rasa mai jin Hausa da zasu faɗa wa ciwonsu ba kunya. 'Yarki ba zata rasa aiki ba insha Allah.

Ki fara da duba sakamakon nata, ana neman kiredit a Turanci, lissafi, Biology, Chemistry da Physics. In sun cika sai ta yi JAMB. Abin da zan ja miki kunne a kai sosai shi ne ƙananan wuraren nan da ke kafa allo a lungu suna cewa suna koyar da nas cikin shekara ɗaya, su ɗinka wa yarinya farin kaya su karɓe kuɗi, ƙarshe takardar ba inda take aiki. Kafin ki biya ko naira ɗaya a duba sunan makarantar a jerin waɗanda hukumar ta amince da su, yarinyar da kanta zata iya dubawa a waya. Makarantun gwamnati sunfi sauƙin kuɗi, har na jiharku ta asali a Arewa ku duba kar ku tsaya Legas kaɗai, kuma tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa. Su kuma baffanninta kar ki yi faɗa da su, ki samu limamin unguwa ko wani dattijo da suke jin nauyi ya zauna da su, aure da karatu ba kishiyoyi bane. Ki sake rubuto min in an duba sakamakon.

TAMBAYA: Kawu tunda aka hana okada a Mushin a 2022 nake buga-buga, yau dako a Mile 12 gobe zaman banza. Shekarata 33, karatun allo kawai nayi. Ina da dubu 400, in biya kwas ɗin kwamfuta na wata uku da akace ana samun aikin dala, ko in koyi sana'a?

AMSA: Sana'a, malam. Wanda yake da aikin dala a hannu ba zai tsaya tallar kwas a Facebook ba, kuma wata uku ba ya maida wanda bai saba da karatun Turanci ba gwanin kwamfuta. Ka duba haɗa sola da inbata, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa gudun janareto yake, ko gyaran AC da firiji, ko gyaran waya a kasuwar Computer Village in idonka da hannunka suna da natsuwa. Ka nemi ogan da kaga kwastoma na shiga shagonsa, ba mai bakin magana ba, a rubuta yarjejeniya da shaidu, shekara nawa, nawa zaka biya, me ake buƙata ranar yaye ka. Kar ka sayi kayan aiki sai ka yi wata shida ka san na gaske da jabu. Amma da dare ka shiga ajin yaƙi da jahilci ko ka samu ɗalibi ya dinga koya maka, don mai haɗa sola dole ya karanta abin da ke jikin batir ya rubuta wa kwastoma lissafi, wanda ya haddace allo kuwa ABCD ba zata gagare shi ba. In ka ƙware sai ka je ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ka yi Trade Test, wato gwajin ƙwarewa a sana'a, takardar gaskiya ce da kamfanoni suke karɓa. Rabin kuɗin ka ajiye shi na abinci da mota, watannin farko oga ba abin da zai baka sai na danfo.