Kwabban talla na Ingila: ba a sayensu da mudu

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya rubuto cewa ƙaninsa da ke zaune a Birmingham ya samo masa tsofaffin kwabban jan ƙarfe guda 200, irin waɗanda 'yan kasuwar Ingila suka buga da sunayen shagunansu, a kan fam 3,000, kuma ya tabbatar masa cewa kuɗin zai ninka kafin shekara ta zagayo. Yana tambaya ko ya tura.

Alhaji, kada ka tura ko sisi. Ban ce ƙaninka macuci ba ne, amma a duk tsawon wasiƙarka babu inda ka ambaci lambar kwabo ɗaya, wato lambar da aka ba shi a kundin masu tara kwabbai, kuma a wannan sana'a lambar ita ce hajar.

Waɗannan kwabbai sun fito ne saboda ƙarancin canji. A 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na Parys da ke tsibirin Anglesey ya buga nasa kwabon domin biyan ma'aikata, mai masana'antar ƙarfe John Wilkinson ya bi sahu da hoton fuskarsa, sannan masu shaguna suka mayar da abin talla, har zuwa 1797 da gwamnati ta ba Matthew Boulton kwangilar buga kwabonta. Na Anglesey an buga su da yawan gaske, don haka wanda ya sha hannu ba ya wuce 'yan fam-famai, alhali wani mai kama da shi sak, wanda bambancinsu bai wuce rubutun da ke zagaye da bakinsa ba, yana iya kai ɗaruruwa. Tun a wancan zamani ma akwai na jabu, kuma akwai irin su Peter Skidmore da ke haɗa gaban wannan da bayan wancan domin su sayar wa masu tarawa. Abin da ke raba gardama shi ne kundin Dalton da Hamer, wanda ya fara fitowa a 1910, inda kowane kwabo yake da gundumarsa da lambarsa.

Na san wani mutum da ya sayi irin wannan tarin a dunƙule ta hannun surukinsa. Da kayan suka iso ya ga sun yi baƙi da tsanwa, sai ya sa yaro ya goge su da toka da lemun tsami har suka yi ja jawur. Da ya tura hotuna gidan gwanjo aka ce masa yawancinsu gama-gari ne, 'yan masu darajar kuma gugar ta kashe su, domin wannan duhun da ya kankare shi masu saye suke biya. Ko takardar shaidar inda aka saye su ba shi da ita.

Maganar ninkawa kuwa, bar ta. Gidan gwanjo yana yankar la'ada daga mai sayarwa, yana kuma ɗora wa mai saye kusan kashi 20 cikin ɗari ko fiye, kuma masu sayen suna Ingila da Amurka, ba a Kano ba.

Ka ce wa ƙaninka ya aiko da jerin duka 200, kowanne da lambarsa ta Dalton da Hamer, da nauyinsa, da hoton gaba da baya da na baki, da sunan wanda zai sayar. Idan mai kayan ya ce ba shi da lokacin yin haka, ka mayar da kuɗinka kan atamfar da ka san farashinta.