Amsa ga 'yar'uwar da kajinta suka daina ƙwai bayan ƙaura

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, da na karanta cewa kun tashi daga Tudun Wada kun koma Samaru a nan Zariya, yau mako uku ke nan ko ɗaya daga cikin kajinki goma sha biyu ba ta yi ƙwai ba, har kina shirin kai su kasuwa, sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Don Allah ki jingine maganar sayarwar nan tukuna.

Shekara biyu da suka wuce muka bar Gyallesu zuwa Hanwa, a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura. Ina da kajin Shika Brown guda ashirin, irin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, kuma ba na rasa ƙwai goma sha biyar a rana. Na roƙi mai a-kori-kurar da muka ɗauka ya fara kai kajin da sanyin safiya, ya ce to, amma sai da ya gama loda gadaje da kujeru sannan ya ɗora kwandunansu a can sama. Daga nan ya je Kwangila ya tsaya, wai taya yake gyarawa, alhali yaron da na haɗa su ya shaida mini cinikin wani lodin ya tsaya yi. Awa uku kajin nan suna cikin rana babu ɗigon ruwa. Da aka sauke su biyu sun mutu, sauran kuma bakinsu a buɗe suna haki. Da na yi magana sai ya ce ai kaji ne ba mutane ba, ya kuma nemi ƙarin kuɗi. Kuɗin na manta da su, amma wannan magana har yau tana ci mini rai.

Kwana biyun farko na tsinci ƙwai ƙalilan, daga nan shiru. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne. A mako na huɗu haushi ya sa na ba da uku aka yanka, kuma da na buɗe cikin ɗaya sai ga gwaiduwa a jere, manya da ƙanana, alamar tana dab da dawowa. A bakin murhu na zauna na yi ta hawaye.

Kaza dabba ce mai riƙe sabo, kuma da zarar ta firgita ko ta sha ƙishirwa, ƙwai ne abu na farko da jikinta ke dakatarwa. Saboda haka ki fara da ruwa: mai sanyi, a inuwa, kada mazubin ya taɓa bushewa, domin kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Idan kin sauya musu abinci saboda kin yi nisa da inda kika saba saye, ki koma wa na da. Ni na yi kuskuren ba su dusa da tsaki zalla, ina cewa tunda ba sa ƙwai a rage asara, ashe ƙara nisanta su da ƙwan nake yi, don mai ƙwai tana buƙatar abincinta na musamman kamar giram 110 zuwa 120 a rana, da sinadarin da ke gina ɓawo.

Akwai kuma maganar haske, wadda na daɗe ban gane ba. A tsohon gidanmu ƙwan fitilar tsakar gida yana haska akurkin har bayan isha'i, a sabon kuwa duhu ne daga magariba. Kaza ta fi yin ƙwai idan tana samun hasken awa 14 zuwa 16, ranarmu a Zariya kuwa ba ta kaiwa awa goma sha uku. 'Yar fitilar sola ta wadatar da ni.

Idan sakinsu kike yi, ki tsare su a akurki har azahar na kwana bakwai, ki kuma duba bayan buhuna da ƙarƙashin itacen girki, domin wata tana yi ne a ɓoye. Ki leƙa su da dare ko gafiya ko muzuru na hana su barci, ki ɗaga fukafukansu ki duba ƙwarƙwata. Amma idan kin ga koren kashi, ko tari, ko wuya na murɗewa, wannan ba ƙaura ba ce, ki hanzarta zuwa asibitin dabbobi na ABU tunda yana kusa da ke.

Nawa sai a mako na shida suka dawo, ƙwan farko ma ɗan ƙarami ne mai laushin ɓawo. Ki gaya mana ko naki suna zubar da gashi, don idan sun shiga sauya gashi jiran zai iya kai wata biyu.