Tambayi Mai Zane: Man Gyaɗa a Fenti, Akwatin Jabu da Hazon Gulbi

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan mako sun taru ne kan zanen daji da gonaki da gulbi, wasu da fentin mai, wasu da fastel, wato sandunan launi masu kama da alli. Bismillah.

Wani tela daga Sabon Gari: "Malam, fentina ya yi kauri sai na sassauta shi da man gyaɗa. Yau wata biyu zanen bai bushe ba, ƙura duk ta manne. Yaushe zai bushe?"

Ba zai bushe ba, ƙanena, ko shekara ka jira. Fentin mai ba ƙafewa yake yi ba, man da ke cikinsa ne ke shan iska har ya daskare ya yi fata. Man lin, wato man 'ya'yan tsiron da Turawa ke kira lin ko linseed, yana yin haka. Man gyaɗa da man ja da man kaɗe ba su yi. Ka kankare da wuƙa, ka goge da tsumma, ka sake sabon lale. Ka nemi man lin na masu zane, don wanda ake samu a shagon kayan gini na katako ne, yana duhunta launi in ya kwana biyu. Shafin farko ya zama mai ƙarancin mai, na samansa su fi shi mai. In ka juya wannan tsari, zanen tsattsagewa zai yi.

Ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi: "Na tara jikka 30. Wani ɗan unguwarmu mai zuwa Kano ya nuno mini hoton akwatin fentin mai, launi 48 da burushi 12, da sunan wani babban kamfanin Turai a jiki. Ya ce kuɗina za su isa har da canji. In ba shi?"

Kada ka ba shi, ɗana. Zauna mu yi magana, don wannan akwati ya cinye kuɗin yara masu hannun zane da yawa a garin nan, kuma abin yana ci mini rai.

Ka fara da lissafi. Launi 48 na ƙwarai, daga Turai, a biya jirgi, a biya kwastan, mai shago ya ci riba, ɗan aike ya ci tasa, kuma a ce jikka 30 ta isa har da canji? Kai ka san abin da jikka 30 ke yi a gidanku cikin watan Yuli kafin sabon hatsi ya shigo. Araha ba ta ado. Abin da ke cikin irin waɗannan ƙananan tub ɗin mafi yawansa garin alli ne da mai, aka ɗiga musu rini. A ido yana da kyau ranar da ka matso shi. Ka haɗa shi da fari sai launin ya ɓace, ka haɗa biyu sai su ba ka taɓo, wata shida a bango jan ya koma fari-fari. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron ba ya zargin fentin, kansa yake zargi. Sai ya ce Allah bai ba shi baiwa ba, ya jefa burushi bayan ɗaki, alhali bai taɓa riƙe fenti na gaskiya ba ko sau ɗaya.

Ban ce kowane mai shago maha'inci ne ba. Sau da yawa shi ma haka aka sayar masa, bai san bambancin ba. Don haka kai ne za ka koyi dubawa. Juya tub ɗin ka karanta bayansa. Fentin kirki yana faɗin garin launin da aka yi shi da shi, da lamba wadda ba ta canzawa ko da wane harshe aka rubuta sauran bayanin: PW6 farin titaniyom ne, PB29 shuɗin ultramarin, PY42 ko PY43 rawayar ƙasa, PR101 jar ƙasa, PBr7 ruwan ƙasa mai duhu. Za ka kuma ga alamar juriyarsa ga hasken rana, wasu kamfanoni da taurari, wasu da I ko II. In babu ko ɗaya, sai sunan launi da hoton fure, ajiye musu kayansu. Duba rubutun sunan kamfanin harafi da harafi, duba ko takardar jiki ta karkace ko tawadarta na gogewa da yatsa. Ɗauki tub ɗin ka ji nauyinsa a tafin hannu. Ɗan mai ya fara fitowa a bakin tub ba laifi ba ne, na ƙwarai ma yana yin haka in ya daɗe a ajiye. Amma in mai ne ke ta bulbulowa, sannan wani abu mai tsaki-tsaki ya biyo baya, an cuce ka. Akwai kuma maganar farashi. A fentin ƙwararru ba a sayar da launuka kuɗi ɗaya, don kadmiyom da kobalt sun fi launukan ƙasa tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya ce maka nasa na ƙwararru ne kuma kowane launi kuɗi ɗaya, ko bai san kayansa ba ko yana so kada ka sani.

Alƙalin da ba ya karɓar cin hanci kuwa hasken ranar Maradi ne. Shafa kowane launi layi guda a kan farin kwali, ka bari ya bushe, ka rufe rabi da kwali mai kauri, ka ajiye inda rana ke duka wata ɗaya ko biyu. Ranar da ka buɗe za ka ga da idonka wane ne ya tsaya, wane ne ya gudu.

To me za ka saya? Launi shida sun ishe ka shekara guda: babban tub na fari mai mililita 200, don shi ke fara ƙarewa, sai shuɗin ultramarin, rawayar ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu, rawaya mai haske guda, da ja guda. Baƙi ma ba dole ba ne, shuɗin nan da ruwan ƙasa suna ba da duhu mai rai. Ka nemi na ɗalibai daga kamfanin da bai ɓoye sunansa ba, irin Winton na Winsor & Newton, ko Van Gogh na Royal Talens, ko Pébéo. Ko Marie's na ƙasar Sin, mai araha ne amma da sunansa yake yawo, ya fi mini jabun da ya ari rigar wani. Burushi uku masu taurin gashi: babba, matsakaici, ƙarami. Kada ka kashe ko dala kan ƙafar jingina zane ta kanti, kafintan unguwarku zai haɗa maka da ragowar katako. Wurin dama launi kuma gutsuren gilashi ko tayil ya wadatar. In za ka aika ɗan unguwar taku, rubuta masa lambobin a takarda, ka ce in bai samu ba ya dawo maka da kuɗinka, kada ya yi maka zaɓi.

Wani matashi daga Tasawa: "Wane kamfanin fenti ne zanensa ke taɓa zuciyar mutane?"

Babu shi. Da akwai da mai kuɗi ya fi kowa iya zane. Karanta amsar da ke biye.

Wata budurwa daga Tibiri: "Baba, shekara biyu ina zane da fastel. Na zana Gulbi ya fi sau goma, komai na sa daidai, amma in na kalla ba na jin komai. Ƙawayena suna yabo, ni kuwa kuka nake ji. Ko in haƙura?"

Kada ki haƙura, 'yata. Wanda ya kalli aikinsa ya ji bai gamsu ba, idonsa ne ya riga hannunsa, kuma hannu yana cim ma ido in an yi haƙuri. Na duba hotunan da kika aiko. Hannunki lafiya lau. Matsalar ita ce kina zana abin da kika sani, ba abin da kika gani ba. Kin san sama shuɗiya ce sai kika shafa shuɗi, kin san ganye kore ne sai kika ɗauki kore. Amma yaushe rabon da ki ga shuɗiyar sama a watan Janairu? Cikin hunturu samanmu fari-fari ce mai ruwan ƙasa, rana kanta ana iya kallonta da ido. Hazo yana cinye nesa: goribar da ke kusa da ke tana da duhu da kaifin baki, ta bayanta ta koɗe, ta can ƙarshe inuwa ce kawai ruwan toka. In kika ba su duhu iri ɗaya, kin kashe faɗin filin, kuma faɗin nan shi ke sa ƙirjin mutum ya buɗe.

Kafin ki taɓa takarda, ki tambayi kanki abu ɗaya: me ya tsayar da ni a nan? In hadarin da ya taso daga gabas ne, jar ƙura a gabansa, to ki sauko da layin ƙasa can ƙasan takarda, ki bar wa sama kashi biyu cikin uku, rumbuna su zama 'yan ƙanana a ƙarƙashinsa. In yashin Gulbi ne da rani, da koren garake a gefensa, ki ɗaga layin sama, ƙasa ta ci wurin. Abin da bai taimaki wannan abu ɗaya ba, ki bar shi, ko da yana wurin. Ba kowane ganye ake ƙirgawa ba.

Kuma ki dubi namu itatuwan da kyau. Gawo da damina tsirara yake, fari fat a tsakiyar koren gero, sai da rani ya yi ganye lokacin da komai ya bushe. Duk ɗan ƙasar nan da ya ga wannan a zane zai san wane wata ne ba tare da an gaya masa ba, zai tuna gonar gidansu. Wannan tunawar ita ce abin da kike nema. Inuwar gawo a kan jar ƙasa ba baƙa ba ce, ki sa mata shuɗi da shunayya ki gani.

In kin shigo Maradi, ki samu ɗan rakiya ku tsaya a bakin tudun da gari ya hauro bayan ambaliyar 1945, ki dubi kwarin da hantsi ko bayan la'asar. Tsakar rana tana baje komai. Ki yi ƙananan zane kamar tafin hannu, kowane cikin 'yan mintoci, launi huɗu ko biyar. Hoton waya yana taimako, amma yana baƙanta inuwa yana wanke sama, kada ki jingina da shi kaɗai. Ki sake aiko mini bayan kaka, ina jira.

Malamin makaranta daga Madarunfa: "Fastel iri biyu na gani, mai gari da mai maiƙo. Wanne zan saya in zana tafki?"

Kowanne da wahalarsa. Mai maiƙo kakin zuma ko makamancinsa ne da man da ba ya bushewa, don haka zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana narkar da shi a jaka. Kada ka bar shi a akwatin babur ko ɗakin kwano. Mai gari ya fi dacewa da hazo da hasken ruwa, amma yana son takarda mai kaushi, kuma dole firam da gilashi, da ɗan tazara tsakanin gilashin da zanen. Ka sa kuɗin firam cikin lissafi tun farko. Kada ka hura garin da baki, ka karkata takardar ka ƙwanƙwasa bayanta a waje. Maganin fesa gashi da wasu ke fesawa don garin ya kama yana rawayata takarda. Nan ma a yi hattara da jabu: in ka goga fastel ɗin ka ji yana ƙara yana karce takarda, allin makaranta ne aka rina.

Wata uwa daga Ali Ɗan Sofo: "Ɗana ya dage kan zane, ina tsoron kada ya shiga haram."

Hajiya, Allah Ya saka miki da wannan kulawa. A cikin Bukhari da Muslim akwai inda Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Daji da gona da sama suna cikin wannan. Ki kai maganar gun malamin da kika amince da shi don ranki ya kwanta. Abin da zan roƙe ki shi ne ki sa ido kan abin da yake wanke burushi da shi. Yara da yawa fetur ɗin kwalba na bakin titi suke sa wa, a cikin ɗaki a rufe, kusa da kurfoti. Ki hana shi. Ya goge burushi da tsumma, ya wanke da sabulu, kuma tsumman da ya sha man lin a shanya shi a waje, don in aka dunƙule shi aka tara yana iya kama wuta da kansa.

Wani daga Gidan Rumji: "Zan iya zane da fentin mai a kan akoko?"

Za ka iya, amma ba kai tsaye ba, don mai yana cin zaren auduga har ya ruɓe. Ka ɗaure shi tam a jikin katako, ka shafa jeso, wato farin shafin da ake yi wa kyalle kafin a fara zane, sau uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Falankin sili ma yana yi in ka shafe gaba da baya. Man sheƙi kuma sai zanen ya yi wata shida aƙalla. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka raba shi da bangon laka saboda gara.