Furotin: gina jiki kawai yake yi, ko da sauran aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. Tun muna firamare ake ce mana furotin abinci ne mai gina jiki, su wake da nama da ƙwai. Yanzu kuma malaminmu ya ce insulin furotin ne, har sikila ma daga furotin take. Yaya abu ɗaya zai yi wannan duka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai ba abu ɗaya ba ne, dangi ne mai yawa. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su, sai a abinci. Yadda aka jera su shi ke sa sarƙar ta naɗe ta ɗauki wata siffa, siffar kuma ita ke yanke aikin da zai yi. Ki fasa ƙwai a mai zafi ki gani: ruwan nan mai yauƙi nan take ya yi fari ya daskare. Amino asid ɗin suna nan, naɗin ne ya warware.

Masu ginin da aka koya muku su ne kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jiki, yana cikin fata da ƙashi da guringuntsi. Shi ne ke narkewa in ganda ta daɗe a wuta har romo ya yi danƙo. Sai keratin na gashi da farce. Aktin da mayosin kuwa su ke motsa tsoka.

Akwai masu hanzarta aiki, wato enzayim. Ki daɗe kina tauna gurasa ba ki haɗiye ba, za ki ji ta fara zaƙi. Amiles na cikin yawu ne ke mayar da sitaci sukari. Akwai sojojin da ke kama ƙwayoyin cuta, waɗanda rigakafi ke koya wa jiki haɗawa. Insulin ɗan aike ne, amino asid 51 kacal, yana umartar ƙwayoyin jiki su ɗebi sukari daga jini. Da za a sha shi, ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama, shi ya sa ake yin allurarsa.

Sikila ce ta fi nuna muhimmancin siffa. Hemogulobin, mai dakon iskar oksijin a jini, sarƙa huɗu gare shi. A masu sikila, cikin sarƙar da ake kira beta mai amino asid 146, na shida kaɗai ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Masanin kimiyya Vernon Ingram ne ya gano hakan a Kambirij ta ƙasar Ingila cikin shekarun 1950. Wannan ɗan sauyin ke sa hemogulobin ya manne da juna idan oksijin ya yi ƙasa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Maimakon ta yi kwana 120, cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ni dai duk ɗalibin da ya fahimci wannan, ba na damuwa in ya manta jerin sunaye.

In kin fara zuwa ɗakin yara masu tamowa, ki danna ƙafar mai kumburi da yatsa, za ki ga wurin ya loma. Yawancinsu albumin, furotin mai riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, ya yi musu ƙaranci.