Wa Ke Riƙe da Manhajar Sadarwar da Ake Bayarwa Kyauta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyan sadarwa ne. Na ji akwai manhajojin GSM da kowa zai iya dubawa ya gyara. Wa ke kula da su, kuma ta ina irina zai sa hannu?

Amsa: Ɗana, ɗauki misalin Osmocom, wani aikin haɗin gwiwa na rubuta irin waɗannan manhajoji. Harald Welte, Bajamushe, ya fara OpenBSC, manhajar sarrafa tashoshin GSM, a 2008, daga baya aka ware ayyukan da shirye-shirye da dama ke buƙata zuwa wani tarin umarnin kwamfuta da aka rubuta da harshen C, mai suna libosmocore. OsmoBSC, mai sarrafa tashoshi, da OsmoMSC, mai haɗa kira, duk a kansa suke jingine.

Nan wahalar take. Idan ka sauya yadda wani aiki ɗaya ke karɓar bayani, kowane shiri da ke kiransa zai iya tsayawa cik. Shi ya sa mai kula ya fi ɓata lokaci wajen karanta gyaran wasu a Gerrit, shafin da ake duba gyara kafin a karɓe shi, yana gwada shi da takardun 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar waya, fiye da rubuta nasa. Bit ɗaya (wato 0 ko 1 guda) ya kauce a saƙon da tasha ke aika wa waya, sai wayar ta ƙi hawa layi, ka kwana kana bin saƙonni a Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke bin hanyar sadarwa.

Kuɗi kuwa, kamfanin sysmocom na birnin Berlin ne ke biyan wasu daga cikin masu aikin.

Shawarata: kada ka fara da sabon abu. Nemi ƙaramin kuskure, ka rubuta gwajin da ke tona shi, sannan ka aika gyaran. Za a dawo maka da shi sau biyu ko uku. Kada ranka ya ɓaci, ka gyara ka sake turawa.