Battar hoda ta da: in saya ko in bari?

Tambaya: Anti, ina tara tsofaffin battocin hoda masu madubi. Wata dillaliya ta kawo min wata mai sunan Stratton, ta ce zinare ce, ta tsuga kuɗi. Madubin ya yi ɗige-ɗige, kuma da sauran hoda a ciki. In saya?

Amsa: 'Yar uwa, sha'awarki ta burge ni, amma kada ki biya kuɗin zinare. Battocin kamfanin Stratton a birnin Bamingam na Ingila aka riƙa ƙera su tun wajen 1923, kuma an yi su da yawan gaske. Galibinsu tagulla ce aka yi wa ruwan zinare. Ba lallai dillaliyar na nufin cuta ba, ƙila ita ma haka aka gaya mata. Idan kuwa aka ce miki azurfar Ingila ce, nemi ɗan hatimin zaki da ake bugawa a jikinta.

Abin da ya kamata ki duba shi ne murfin ciki, wanda ke rufe hodar. A 1948 kamfanin ya fito da murfin da ke ɗagowa da kansa idan an buɗe battar sosai, don kada mace ta karya farce. Ki buɗe a gaban dillaliyar. In ya ɗago, kuma battar ta rufu ƙyas ba tare da an danna da ƙarfi ba, an riƙe ta da kyau. In mahaɗin murfin yana lilo ko fentin bayan ya ɓare, ki haƙura, domin mai gyaran irin wannan wuyar samu gare shi. Wadda ta zo da sosonta, ragarta da jakarta ta asali, ita ce ta cancanci ƙarin kuɗi.

Ɗige-ɗigen madubi ba ya hana ni saye, tsufa ne, sai dai dalili ne na neman ragi. Kada ki sake shi da sabo, masu tarawa sun fi son na asali.

Hodar ciki kuwa, don Allah kada ta taɓa fuskarki. Ki kakkaɓe ta da busasshen buroshi mai laushi. Kada ki tsoma battar a ruwa, domin da ya shiga bayan madubi sai ya baƙanta shi. A nan gaba ki sa ido kan battocin kamfanonin Kigu na Landan da Volupté na Amurka.